Gwadon da Gwaggo ta saƙa sau biyu

Ƙarshen bazara ne, a shekarar da kowa ya gaji tun ba a ɗauki fartanya ba. Damanar bara ba ta cika rumbu ba. Rijiyoyin Matamaye sun ja baya har sai da aka ƙara wa guga igiya. Kullum da la'asar hadari zai haɗu ta gabas, mu kwashe shanya da gudu, sai ya watse ya bar mu da gumi. Cikin wannan jiran ne Gwaggo ta tafi, da hantsi, bayan ta kurɓi kunu ta ce bai ji tsamiya ba. Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma.

Mata sun cika tsakar gida har bakin turmi. Ina zaune ƙofar ɗakinta, ana ce mini ya haƙuri, ina cewa da godiya, har bakina ya bushe. Kunnena kuwa yana kan abin da ake faɗi a bayana. Matar ƙanena da ta zo daga Kance ta ce ita dai ba ta taɓa jin muryar tsohuwar nan ta hau sama ba. Wata maƙwabciya ta ce to ai ba ki taɓa ganin akuya ta shigar mata ɗaki ba. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, aka kuma ce Allah ya gafarta mana. Wata ta ce shekarunta sun kai, wannan ba mutuwar kuka ba ce, sai addu'a. Can sai wata tsohuwa sa'ata, wadda uwarta ce dillaliyar unguwarmu a da, ta matso ta riƙe hannuna ta ce:

"Allah ya jiƙan mai yankakken layi. Ke, gwadon nan kuwa yana nan?"

Kafin in amsa, matar ɗana, wadda shekara da shekaru ita ke kai wa Gwaggo tuwo, ta tsaya da moɗa a hannu.

"Wane gwado, Inna? Da can Gwaggo tana saƙa ne?"

Ban ji haushinta ba. Tun kafin a kawo ta gidan nan idon Gwaggo ya daina ganin zare. Amma maganar ta zauna mini a rai. Karatuna na manya ne, na makarantar yaƙi da jahilci, hannuna ba ya sauri. Duk da haka gara in rubuta a hankali da a wayi gari ba wanda ya san matar nan sai a kan faɗa da awaki.

Ƙanwar babana ce. Ita ta riƙe ni tun ban gama famfara ba. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka daga ita har Baba ba mai kiran sunana. Shi yakan ce mai sunan Inna, ita kuma uwata, ko da faɗa za ta yi mini. "Uwata, zo nan in ja kunnenki."

Gajeriya ce, mai ƙananan hannuwa, yatsunta kullum fari da alli saboda kaɗi. In baƙuwa ta shigo, bakinta na gaisuwa, ina gajiya, ina mutanen gida, yatsunta kuwa sun riga sun kama bakin zanen baƙuwar suna murzawa. Ba ta sanin tana yi. Bayan an tafi sai ta ce, "Wadda ta saƙa wannan tuwonta na kan wuta." Ba ta cin goro sai ta raba shi, rabi a baki rabi a gefen zane, ta manta da shi har a wanke. Ba ta son a yabi aikinta a gabanta. In an ce ya yi kyau, sai ta ce audugar bana ce mai kyau.

Ina sabuwar amarya na taɓa zuwar mata da kuka, wai uwar mijina ta kushe tuwona a gaban baƙi, ta haɗa har da gidan da na fito. Gwaggo ta bari na gama, ta ce, "Da gudaji ko babu?" Na ce akwai kaɗan. Ta ce, "To ki tuƙa da kyau. Sauran maganar ba taki ba ce, bar mata kayanta." A lokacin na ga kamar ba ta tausaya mini ba. Alhali na san inda ta koyo wannan, don a gabana ta koye shi.

A gidan mijinta na tarar da ita, shi ya riga ya rasu. Su biyu ne da uwar mijin, wadda kowa ke kira Iya. Iya ce ta koya mata saƙa tun tana amarya, da akwasha a hannu, sandar nan da ake buga zare da ita, kuma ba zare kaɗai Iya ke bugawa da ita ba. Masaƙa biyu ke jingine da bangon rumfa. Duk uwar da za ta aurar da ƴa, daga nan har Icirnawa, gidanmu take aiko wa neman gwadon jere. Fari tas, da baƙin layi miƙaƙƙe daga baki zuwa baki. Haka ake yi, haka aka tarar.

Ɗa guda Allah ya raya wa Gwaggo, na fari. Waɗanda suka biyo bayansa ba su zauna ba. Kun san yadda ake da ɗan fari, a lokacinmu kuwa abin ya fi na yanzu tsanani. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta ɗaga ido ta dube shi a gaban mutane. Tun da aka yaye shi Iya ta ɗauke shi, ɗakinta ya girma. In Gwaggo za ta yi zancensa sai ta ce yaron Iya. Ni kaɗan na san shi. Dogo ne, in ya zo garinmu Kurni sai ya ce ina baiwata, ya ƙwace mini gyaɗa, irin wasan taubasai.

Lokacin mulkin Nasara yana sabo. Wata shekara bayan girbi saƙo ya zo daga kumandan, kowane gari ya ba da samari masu ƙarfi na ɗaukar kaya. Dogarai suka bi gida gida. Aka haɗa da shi, ana saura kaɗan a ɗaura masa aure. Aka yi Damagaram da su, daga can aka ce an yi arewa, wajen Agadas. Da wasu suka dawo, ƙafafu a fashe, kowa da nasa labari. Wani ya ce ya bar shi kwance bakin wata rijiya da zazzaɓi. Wani ya ce a'a, ya gudu ya yi ƙasar Ingilishi, wajen Kano. Ba gawa, ba kabari, ba wanda zai ce a yi sadakar uku ko ta bakwai.

Iya ta yi kuka har ana jin ta daga kasuwa. Mata suka yi ta zuwa yi mata jaje, don kowa ya san yaronta ne. Gwaggo ce ke shimfiɗa musu tabarma, ta kawo ruwa, ta koma bakin murhu. Babu wadda ta ce mata ya haƙuri, kuma ba don mugunta ba. Da an ce mata, da an kunyata ta. In fatake suka sauka daga arewa, Iya ke dogara sanda ta je zango ta yi tambaya. Gwaggo sai dai ta tsaya bayan danga tana tankaɗe garin da ta riga ta tankaɗe, ta ji abin da Iya za ta dawo da shi. A wannan shekarar ce Baba ya ɗauko ni daga Kurni ya kawo mata, ya ce ga mai ɗebe miki kewa.

Akwai wani baƙin zare a taskirarta, siriri, wanda ta kaɗa da hannunta aka yi ta mayar da shi marina har ya sha baba ya ƙoshi. Na rigar angoncinsa ne. Ta hannun Iya za a ba masaƙi, kamar Iya ce ta kaɗa. Zaren ya zauna nan, damana ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Wata rana bayan an kai gero rumbu ta yi wadari, jerin zaren tsaye na masaƙa, fari zalla, babu baƙi ko ɗaya a ciki, alhali a nan ake jera baƙin layi. Na ce gwadon wa? Ta ce na mai shi. Da ta fara saƙa sai na ga ta ɗauko baƙin zaren nan tana cusa shi da yatsu, bugu bayan bugu. Layin ya taso daga baki a miƙe, kamar na kowa. Da ya yi kamu ɗaya sai ya karkata. Ya yi dama, ya dawo hagu, wani wuri ya yi kauri, wani wuri ya sirance har sai ka matso za ka gan shi. Ya wuce tsakiya kaɗan, ya tsaya. Daga nan har ƙarshe fari ne fat, babu komai.

Ta ɗinka masa fallaye farare, ɗaya kowane gefe, ta wanke, ta shanya a igiyar tsakar gida. Gidanmu kuwa hanyar rijiya ce, ta nan mata ke ratsawa.

Dillaliya ce ta fara. Ta sauke ƙunshinta ta tsaya, hannu a haɓa.

"Ke kuwa zare ne ya yanke miki? Ai da kin aiko yarinya na samo miki."

Gwaggo ta jawo taskira ta buɗe mata. Baƙin zare na nan, fiye da rabi. Ta rufe, ta ce, "Uwata, kawo wa baƙuwa ruwa."

"To wa zai sa wannan a jeren ƴarsa? Layi ya yanke a tsakiya, so kike a ce auren ma ya yanke a tsakiya?"

"Ba na sayarwa ba ne."

"Ai ko kyauta, ƴar uwa. Ko kyauta."

Matan rijiya suka ɗauka. Wata ta ce kaza ce ta taka shuni ta bi ta kai. Gwaggo ta yi dariya tare da su, dariyar gaske, ta ce, "Kazar ta sha wuya kuwa, tun girbi take tafiya." Da kumandan zai kwana a gari kan hanyarsa ta rangadi, dogarai suka bi gidaje tara ƙwai da kaji da shimfiɗa. Ɗaya ya fizgo gwadon daga igiya, ya ware, ya dube shi sama da ƙasa, ya jefa wa Gwaggo.

"Wannan ko dokin Nasara ba zai yarda a ɗora masa ba."

Ya ɗauki na Iya ya tafi. Gwaggo ta kakkaɓe nata ta ce, "Ashe muni ma yana da ranarsa." Iya ce ta yi ta masifar gwadonta har magariba.

Da a cikin gida abin ya tsaya, da ya wuce. Amma da sanyi ya shigo aka yi suna a gidan mai unguwa, sai Gwaggo ta yafa shi ta tafi, ina biye da ita da ƙwaryar gudummawa. Ta zauna cikin mata da baƙin layin nan a gadon bayanta. Ban manta yadda hira ta tsaya ba, har mai guɗa ta rufe baki. Kafin kasuwa ta zagayo magana ta kai wa Baba a Kurni: wai ƙanwarka ta taɓu, iska ta shige ta, tana saƙa hanyar aljanu tana yawo da ita. Iyayen amare suka daina aikowa. Wadda ta riga ta kawo auduga ta turo aka karɓe.

Baba ya zo a kan jakinsa. Mutum ne mai sanyi, bai iya faɗa ba, shi ya sa in ya yanke magana ba ya sake ta. Ya zauna a zaure, Gwaggo ta durƙusa daga bakin ƙofa, ni ina bayanta.

"Na kawo miki yarinya don ki samu abokiyar zama," in ji shi. "Yanzu a kasuwa ana nuna ni da baki. Gobe wa zai nemi ƴar da mai iska ta riƙa? Ki warware abin nan, ki kai layin har baki kamar na mutane. Zan dawo kafin zafi ya shigo. In na tarar da shi haka, zan tafi da mai sunan Inna."

"Na ji, Yaya."

"Ga rubutu na karɓo miki wurin Malam. Ki sha."

Ta sha a gabansa, ta gode, ta ce ya gaida mutanen gida.

Duk tsawon wannan lokaci Iya ba ta ce uffan a kan gwadon ba. Idonta ya riga ya yi rauni, amma ba ta nemi a ba ta ta taɓa ba, ita da ko tsumma aka shigo da shi sai ta murza. Bayan tafiyar Baba, da la'asar, tana zaune a rumfa ta ce, "Ƴar nan, miƙo mini abin da ake ta surutu a kai."

Ta shimfiɗa shi a cinya. Ta sa ɗan yatsa a farkon layin ta bi shi a hankali, duk inda ya karkata ta karkata. Ta kai shi hanci ta shinshina. Da ta zo inda ya tsaya ta daɗe a wurin. Sannan ta matsa gaba cikin farin, ta murza, ta ja, ta ɗaga shi saitin rana.

"Nan wa ya saƙa?"

"Ni ce, Iya."

"Ƙarya kike. Wadda na koya wa ba ta wannan. Dubi, ni da ba ido ma ina hango rana ta ciki. Tun daga inda baƙin ya tsaya bugunki ya mutu. Kuka kike yi, akwasha na hannunki kamar ludayi. Wanki kaɗan wannan wurin zai buɗe."

Gwaggo ba ta ɗaga kai ba.

"Na san zaren nan," in ji Iya. "Su can suna cewa iska. Ba iska ba ce, rashin kunya ne. Ni na goye shi, ni ke da kuka. Ke kin ɗauki naki kin kai gidan suna. In ma rashin kunyar za ki yi, ki yi shi da aiki mai kyau mana."

Ta ture gwadon daga cinyarta.

Na zaci Gwaggo za ta fashe da kuka. Sai ta ɗauka ta ɗaga shi saitin rana ita ma, ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Gaskiya ne. Ya saki." Ban taɓa jin ta ba wani gaskiya a kan gwadon nan ba sai ranar.

Ta farke ɗinkin, ta cire fallen tsakiya, ta zauna da tsinke tana zare baƙin zaren tana naɗe shi a kara. Labari ya fita cewa rubutun Malam ya ci. Dillaliya ta leƙo ta ce alhamdu lillahi, har da kawo goro. Ni ma na yi murna, don ba na son komawa Kurni. A can ƙanne ne rututu da daka ba iyaka, a nan kuwa ni uwar wata ce.

Ta yi sabon wadari. Da na ga fari ne zalla sai na gane ba ta fasa ba. Layin ya taso a miƙe, ya yi kamu ɗaya, ya karkata daidai inda ya karkata a da. Ba ta duba tsohon fallen ba ko sau ɗaya, an ma riga an yi gammon tulu da shi. Amma bugun ya sake. Daga rijiya ana jin akwashar Gwaggo kamar ana sassaƙa turmi. Da ta zo inda baƙin zai tsaya, ta ajiye akwasha, ta tashi ta wanke fuska, ta yi sallar azahar, sannan ta dawo ta ɗaure bakin zaren ta ci gaba da fari. Iya na gefe tana kaɗi, kunnenta na kan bugun. Sau ɗaya na ji ta ce, "Ƙara." Gwaggo ta ƙara.

Na ce mata, "Gwaggo, Baba fa zai tafi da ni."

Ta ce, "Na sani, uwata. Miƙo mini zaren abawa."

Baba ya dawo ranar kasuwa. Wannan karon har cikin gida ya shigo, ya gaida Iya, aka shimfiɗa masa tabarma a rumfa. Gwaggo da kanta ta ɗauko gwadon ta ware a gabansa. Ya duba. Ya cire hula ya shafa kai ya mayar.

"Mai sunan Inna, je ki ɗaure kayanki."

Ban motsa ba. Ya juya wajen Iya.

"Iya, ke ce babba, ke kika koya mata. Don Allah ki faɗa mini, wannan aikin mai hankali ne?"

Iya ta jawo gwadon ta bi shi da yatsu daga baki har baki, ta ja farin da iyakar ƙarfinta, ta ɗaga saitin rana.

"Mahaukaciya ba ta wannan bugun. Ni ma da ƙuruciyata ban fi haka ba. Ba na son shi, mummuna ne, kuma ban yafe fita da shi ba. Amma da hankalinta ta yi, sarai."

"To ai wannan ya fi muni," in ji Baba. "Hauka yana da magani."

Sai Gwaggo ta yi magana. A zamana da ita ban taɓa jin ta yi doguwar magana irin ta ranar ba, kuma kai a sunkuye ta yi ta, tana murza bakin tabarma.

"Yaya, Iya ta ce hannuna ya saki, na duba na ga gaskiya ne, na gyara. Masu cewa bai yi kyau ba, idonsu ne, ban hana su ba, ba don kyau na yi shi ba. Kai kuma ka ce in kai layin har baki. Zan kai shi. Zare na nan, bai ƙare ba. Ka faɗa mini inda yaron Iya ya kai, rijiyar ce ko Kano, ko wani wurin da ba mu ji ba. In ka faɗa mini yau, yau zan hau masaƙa."

Iya ta juya fuska wajen bango. Baba ya daɗe yana kallon inda baƙin ya tsaya. Yaron ai ɗan ƙanwarsa ne, shi ya sassaƙa masa ƙotar fartanyarsa ta farko. Sannan ya ce:

"Ban sani ba. Allah ne ya sani." Ya juya wajen Gwaggo ya ce, "To, riƙe abinki. Amma ba za ki sake fita da shi ba, ba za ki shanya shi inda ido zai gani ba, kuma ba za ki sake saƙa irinsa ba, ko mai kama da shi. Ni talaka ne, ina da ƴaƴa mata, ba zan iya da bakin mutane ba. In kin yarda, yarinya ta zauna. In ba ki yarda ba, ga jaki a waje."

Gwaggo ta dubi gwadon. Ta dube ni. Ba ta daɗe ba.

"Na yarda, Yaya."

Ta riƙe alkawarin har ta koma ga Allah. Iyayen amare suka dawo sannu a hankali. Yarinyar da aka yi wa ɗanta baiko da ita ta jira iyakar jira, daga baya aka ba da ita a Icirnawa. Uwarta ta ji nauyin aikowa gidanmu. Gwaggo ta saƙa mata gwado da audugarta, ta ba dillaliya ta kai, ta ce kada a faɗi daga ina. Kowa ya gane, don ba mai wannan bugun a garin sai ita.

Ta yi ta saƙa shekara da shekaru, har kantuna suka cika da bargo da atamfa, har idonta ya ƙi. Rabin tsofaffin garin nan ƙarƙashin gwadonta suka yi amarci, ni ma haka, fari tas da miƙaƙƙen layi, ba abin da za ka ce. Wani lokaci in tana wadari nakan ga hannunta ya tsaya, idonta na kan farin zaren kamar tana ganin wani abu a ciki, sai ta girgiza kai ta ɗauko baƙi ta jera shi inda aka saba. Abin da ta gani ban sani ba. Ba wanda zai sani yanzu. Wannan ne ke gajiyar da ni in na tuna, fiye da mutuwar.

Yaron bai dawo ba. Ba ta kuma taɓa faɗin sunansa ba, ko a ciwon ajali. Iya ma ba ta taɓa cewa gwadon ya yi kyau ba. Sai dai a sanyin da ta rasu, an lulluɓe ta da nata tana rawar ɗari, ta ture ta ce, "Ba ni mummunan nan, ya fi riƙe ɗumi." A cikinsa ta cika.

Da tsufa ya kama Gwaggo na ɗauko ta ta dawo wurina. Wata rana muna ɓare gyaɗa na ce mata, "Gwaggo, ba ki yi da-na-sani ba? Da kin bar ni na tafi Kurni, da kin saƙa abin da ranki ke so."

Ta ce, "Gwado yana ɗebo ruwa ne?"

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Can ta ce, "Na riga na ba da mutum ɗaya ban ce komai ba." Ta ci gaba da ɓare gyaɗarta.

Ranar sadakar bakwai, bayan mutane sun ragu, na buɗe adudunta na ɗauko shi na ware wa matar ɗana. Ya yi ja don tsufa, ɓera ya ci gefe ɗaya, amma tsakiyar ko farce ba ya shiga. Ta duba, ta duba. Yarinyar kirki ce, ba ta son ɓata mini rai. Ta ce, "Inna, yana da kyau. Sai dai kamar ba a gama ba." Na ce an gama, har sau biyu. Na ninke.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya haskaka kabarinta, ya haɗa ta da wanda ba ta iya kira ba a duniya. Ya jiƙan Iya da Baba, kowannensu abin da ya gani ya faɗa.

Ranar da Baba ya koma Kurni shi kaɗai a kan jakinsa, ba ta ci tuwo ba. Washegari da sassafe ta ninke gwadon, baƙin a ciki, ta sa can ƙasan adudu. Ta share tsakar gida. Ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta ta tsefe mini kai ta yi mini sabon kitso, tana ja har hawaye ya zo mini, ba ta ce sannu ba. Da ta gama ta shafa mini man shanu, ta ce:

"Uwata, je gidan dillaliya. Ki ce Gwaggo na gaishe ta, in akwai mai son gwadon jere a kawo auduga."

Na kai bakin zaure ta sake kirana.

"Ki ce mata layin zai kai har baki."